Shiga falon otal-otal ɗin Disney alhali ba nan kuka sauka ba: ina iyaka?

"Assalamu alaikum. Ni da maigidana da yaranmu uku za mu je Orlando a hutun watan Yuli in Allah ya kai mu. Kuɗinmu bai kai na otal-otal ɗin Disney ba, don haka gida muka kama haya a garin Kissimmee da ke kusa. Wata 'yar'uwata ta ce idan rana ta take za mu iya fita daga wurin wasa na Magic Kingdom mu shiga falon ɗaya daga cikin manyan otal ɗin da ke kusa, mu sha sanyi, yara su huta, sannan mu koma. Shi kuma maigida ya ce ba zai shiga inda bai biya ba, a zo a kore shi gaban 'ya'yansa. Shin an yarda da haka? In an yarda, ina iyakarmu?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Tambayarki kashi biyu ce: ko wanda bai kama ɗaki ba yana da izinin shiga babban falon otal ɗin, da kuma abin da ya kamace shi in ya shiga. Amsar ta farko gajeriya ce. An yarda. A ranakun da aka saba, babu wanda zai tare ku a ƙofar falo ya ce ku nuna makullin ɗaki, kuma 'yar'uwarki gaskiya ta faɗa miki. Amma shi ma maigida bai yi kuskure ba da ya ji nauyin abin, domin akwai wuraren da in kuka taka za a dakatar da ku, akwai kuma halayen da ba za a ce muku komai a kansu ba amma suna cutar da mutanen da suka biya kuɗi mai yawa. A nan ne zan fi tsayawa.

Dalilin da ya sa ƙofar take buɗe

Walt Disney World, babban wurin shaƙatawa na Disney da ke kusa da Orlando a jihar Florida ta Amurka, ya buɗe ne a 1971, tare da otal biyu, Contemporary da Polynesian. Grand Floridian ya biyo baya a 1988. Tun farko ba a gina su don kwana kawai ba. A cikin kowanne akwai gidajen abinci da shagunan tsaraba da wuraren shan kofi, kuma waɗannan ba za su ci riba da masu ɗaki kaɗai ba. Jirgin nan mai tafiya a kan doron siminti da ake kira Monorail ta tsakiyar ginin Contemporary yake ratsawa, ya tsaya a ciki, kowa ya hau ko ya sauka kyauta. Kamfanin da ya ratsa layin jirgi ta cikin otal ɗinsa ya riga ya yanke shawarar cewa jama'a za su riƙa shigowa. Bayan haka kuma, duk wanda ya zauna minti ashirin a falon Grand Floridian yana kallon fitilun da ke rataye yana jin mai kaɗa fiyano, wataƙila shi ne zai kama ɗaki a can baɗi. Zuwanku ba alfarma ake muku ba, yana cikin lissafin kasuwancinsu.

Sai dai buɗe ƙofa ba ya mayar da wuri na gwamnati. Otal ɗin mallakar kamfani ne, kuma a dokar Florida mai wuri yana da ikon ya ce wa mutum ya fita, in ya ƙi a kira 'yan sanda su rubuta masa takardar hana shi dawowa. Wannan ba ya faruwa da iyalin da suka zauna cikin natsuwa. Na ambace shi ne don ki san cewa izinin da kuke da shi irin na zaure ne: baƙo ya shigo ya zauna, a ba shi ruwa, amma ba ya ɗaga labule ya wuce cikin gida, kuma in mai gidan ya ce yau akwai taro a dakata, sai a dakata.

Ma'aunin da nake ba duk wanda ya yi mini irin wannan tambaya shi ne ya duba abu ya tambayi kansa: ana sayar da wannan ga kowa, ko an ajiye shi don kowa ya gani, ko kuwa yana cikin kuɗin ɗaki ne? Abinci da shago da kujerun falo da lambu da ban-ɗakin da ke gefen falo na kowa ne. Wurin ninƙaya da ɗakin motsa jiki da barandar ɗakuna da falon musamman na sama suna cikin kuɗin da wani ya biya.

Hanyar zuwa ce ta fi kawo matsala

Yawancin waɗanda aka mayar baya ba a ƙofar falo aka mayar da su ba, a shingen motoci ne. Kowane otal yana da ɗakin mai gadi a bakin hanya. In kun zo da mota zai nemi katin shaida mai hoto, ya tambayi abin da ya kawo ku. Mai ɗaki zai wuce. Wanda ya kama tebur a gidan abincin otal ɗin zai wuce, bayan an duba sunansa. Wanda ya ce "mun zo kallo ne" yana iya wucewa a ranar da babu cunkoso, a otal ɗin da ke nesa da wuraren wasa, amma a ukun nan na kusa da Magic Kingdom galibi juya shi ake yi. Odar abinci ta manhajar Disney daga ƙaramin gidan abinci ba daidai take da kama tebur ba, wani mai gadin ya karɓa, wani ya ƙi, don haka kada ku dogara da ita.

Dalilin tsaurin a fili yake. Ajiye mota a filin Magic Kingdom dala 30 ne ko sama da haka a rana, kuma daga Contemporary zuwa ƙofar Magic Kingdom tafiyar kusan minti goma ce a ƙafa. Da an bar kowa, da kafin ƙarfe tara na safe filin otal ya cika da motocin masu gudun biyan kuɗin fakin, mai ɗaki ya dawo ya rasa inda zai saka motarsa. Akwai wata dabara da wasu ke yi wadda nake roƙonki kada ku yi: su kama tebur a manhaja, su nuna wa mai gadi, suna shiga su soke, su wuce wurin wasa su wuni. Yaudara ce, kuma tana hana wani iyali teburin da suka yi ta nema, tunda ana buɗe kama tebur kwana 60 kafin ranar kuma wuraren da ake rububi nan da nan suke ƙarewa. Ga kuma tarar dala 10 a kan kowane mutum a yawancin gidajen abincin in an soke a ƙurarren lokaci ko aka ƙi zuwa. Ko da kun ci abincin da gaske, izinin fakin na tsawon cin abincin ne da ɗan zagayawa, ba na wuni ba.

Ku kam ba ku da wannan damuwa. Ku ajiye motarku a filin Magic Kingdom, ku biya kuɗin ranar, ku shiga. Idan rana ta take, ku fito ta babbar ƙofa ku zaɓi ɗaya: ku taka zuwa Contemporary, ko ku hau Monorail mai tsayawa a otal-otal zuwa Contemporary da Polynesian da Grand Floridian (layi biyu ne, ɗayan kai tsaye yake zuwa wajen fakin, ku duba allo kafin ku shiga), ko ku hau jirgin ruwa zuwa otal ɗin Wilderness Lodge. Tikitinku na ranar yana ba ku damar komawa ciki, za ku sake bi ta wajen binciken tsaro ne kawai. Ranar da kuke wurin wasa na Epcot, ƙofar baya ta International Gateway tana fitar da ku zuwa otal-otal ɗin Beach Club da Yacht Club da BoardWalk a ƙafa, kuma a nan ake hawa Skyliner, akwatunan nan masu tafiya a kan waya da aka buɗe a 2019.

Abu guda game da motocin bas: da dare in an tashi daga wurin wasa, layin bas ɗin kowane otal cike yake da mutanen da za su je su kwanta, da yara barci a kafaɗa. Wannan ba lokacin yawon ganin otal ba ne.

Zaman falon kansa

Ki san agogon otal kafin ki zaɓi lokaci. Ana barin ɗaki da ƙarfe 11 na safe, ana fara ba da ɗaki da ƙarfe 3 na rana, a wasu sassan ƙarfe 4. Tsakanin waɗannan lokutan akwai mutanen da ba su da inda za su zauna sai falo: wanda ya miƙa makulli yana jiran motar filin jirgi, da wanda ya sauka tun safe ɗakinsa bai gama gyaruwa ba. Abin takaicin shi ne daidai wannan lokaci ne zafin Yuli ke korar mutane daga wurin wasa, sannan hadarin la'asar, wanda kusan kullum yake tasowa a Orlando a wannan wata, ya ƙara turo wasu. Saboda haka kujerar da kuke so ita ce kujerar da mai jiran ɗaki yake so, kuma shi ne ya fi ku haƙƙi.

A aikace ga yadda abin yake. Ku ku biyar ne, to ku ɗauki doguwar kujera ɗaya da ƙarama ɗaya, ƙaramin yaro ya hau cinya. Jaka ƙasa take zama kusa da ƙafa, ba a ba ta kujera. Keken jariri a naɗe shi ko a raɓa shi jikin bango, kada ya tare hanyar masu tura akwatuna. Ku nisanci kujerun da ke gaban kantar karɓar baƙi da na bakin ƙofa, domin masu jiran a kira sunansu ko masu leƙen mota su ke bukatar nan. Yawancin otal ɗin suna da kujeru a bene na biyu ko a wasu lunguna, sun fi shiru, ba kuma wanda ke takara da ku a kansu. In kika ga tsohuwa ko mai juna biyu ko iyali da akwatuna suna waige-waige, ki sa yaro ya tashi.

Tsawon zama ba shi da doka a rubuce. A ganina minti talatin zuwa awa ɗaya shi ne daidai in falo ya cika, in kuma wayam yake ba laifi ku ɗan ƙara. Abin da ke jawo hankalin ma'aikata ba tsawon lokacin ba ne, yanayin zaman ne. Jariri ya yi barci a kekensa ba komai. Amma babban mutum ya cire takalmi da safa, ya miƙe a kan kujera ya ɗora ƙafa a hannunta ya hau minshari, wannan za a zo a taɓa shi cikin ladabi a ce ya tashi zaune. Haka shanya jiƙaƙƙiyar rigar ruwa a bayan kujera, da canza wa jariri kunzugu a kan kujerar falo alhali ban-ɗaki yana da teburin yin haka, da buɗe kwanon abinci mai ƙamshi da aka taho da shi daga gida. Biskit da ruwa ba wanda zai kula. Abinci sosai a fita da shi benci a waje.

Caji ma haka. Soket ɗaya, waya ɗaya ko biyu, kina zaune kusa da ita. Ba a zare wayar fitilar otal don a saka caja, ba a kuma jan igiya ta tsallake hanyar wucewa.

Yara su ne babban aiki, domin waɗannan falukan an gina su ne da tsawo, murya tana amsa-kuwwa ta hau sama, kuma a Grand Floridian da Wilderness Lodge da Animal Kingdom Lodge ƙofofin ɗakuna da yawa falon suke fuskanta. Ihun da yaro ya yi a ƙasa yana isa ɗakin da wani jariri ke barci a bene na huɗu. Ki gaya musu tun kafin ku isa cewa nan ba wurin gudu ba ne, ba a wasa da lifta, ba a hawa kan kayan ado. Bidiyo a waya sai da abin kunne. Kiran bidiyo zuwa gida don nuna wa dangi wurin, a rage murya ko a fita lambu. Hoto kuma ku ɗauka son ranku, amma na gini da na kanku. Kada a haska fuskar 'ya'yan wasu, kada a tsaya a tsakiyar matakala ana ta sauya tsayuwa mutane na jira.

Sai mun sayi wani abu? Ba dole ba ne, babu mai bin ku da wannan. Amma ina ganin ya dace, musamman in za ku sha sanyin wurin awa guda ku yi amfani da ban-ɗaki. Kofi ko askirim ga yara ya isa, kuma shi ne zai sa maigida ya zauna hankalinsa kwance, tunda ya zama mai ciniki. In kuka zauna inda ma'aikaci ke kawo abu tebur, wannan kujerar ta masu oda ce, kuma ana barin tukwici na kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari, don da shi ma'aikatan suke rayuwa. Wasu daga cikin irin waɗannan wurare mashaya ce, ki duba kafin ku zauna da yara. Ruwan ƙanƙara a kofi kyauta ake ba da shi a ƙananan gidajen abinci in an roƙa.

Inda ba a taka

Wurin ninƙaya na masu ɗaki ne kaɗai, kuma a nan ba a sassauci. A manyan otal ɗin an kewaye shi da shinge, ƙofar sai da makullin ɗaki ko abin hannu take buɗewa, wani lokaci ma'aikaci na tsaye yana dubawa. Kada ku bi bayan wani ku kutsa lokacin da ya buɗe, kada kuma ku roƙi mai ɗaki ya buɗe muku. Yara za su gani su yi kuka, shi ya sa ya fi kyau kada ma a bi ta gefen. Wannan ya haɗa da wurin wasan ruwa na ƙanana da tawul da kujerun kwanciya na bakin ruwan.

Barandar ɗakuna ba wurin yawo ba ce, ko da ba a kulle ta ba. Falon musamman na masu ɗakuna masu tsada, inda ake ajiye abinci da abin sha, shi ma ba a shiga. Masu ajiye akwatuna aikinsu na masu ɗaki ne, kada a kai musu jaka a ce su riƙe.

Akwai kuma abubuwan da ke tsaka-tsaki. Bakin tafkin Polynesian wuri ne mai kyau na kallon wasan wutar Magic Kingdom, mutanen waje suna zuwa, amma in za ku je ku tsaya ko ku zauna a yashi, ku bar kujerun ga masu ɗaki. Animal Kingdom Lodge, wanda aka buɗe a 2001, yana da wuraren tsayawa a bayan falo inda ake kallon raƙumin dawa da jakin dawa, kuma a cikin falon akwai ƙaton dodon Ijele na Inyamurai da aka kawo daga Nijeriya. Ya cancanci zuwa, sai dai yana da nisa kuma bas kawai ke kai mutum, don haka ba wurin gudun rana daga Magic Kingdom ba ne. Ku haɗa shi da ranar da kuke wurin wasa na Animal Kingdom, ko ku kama tebur a gidajen abincin otal ɗin, Boma ko Sanaa, ku shiga da motarku.

Salla da alwala

Ba ki tambaya ba, amma azahar da la'asar za su same ku a can. Kada a shimfiɗa darduma a tsakiyar falo ko a kan hanyar wucewa ko gaban ƙofar fita ta gaggawa. Maigida ya je kantar karɓar baƙi ya ce yana neman wuri mai shiru na minti goma don yin addu'a, ma'aikatan sun saba da irin wannan roƙo, za su nuna masa lungu ko wani gefe na lambu. Ku yi bi da bi don wani ya riƙe yara. Wajen alwala kuma a kula ƙwarai. Daɓen ban-ɗakin santsi gare shi, ruwa kaɗan yana iya kayar da tsoho. A yi amfani da ƙaramar gora, a goge bakin famfo da ƙasa da takarda kafin a fita. Kasancewarku matafiya ma yana ba ku sauƙin da malamai suka yi bayani, sai ku tambaya kafin tafiya.

Ranakun da dokar ke sauyawa

Duk abin da na faɗa na ranakun da aka saba ne. A ranakun cunkoso, musamman 4 ga Yuli, ranar 'yancin kan Amurka, da jajibirin sabuwar shekara, akan taƙaita shiga wasu otal ɗin na kusa da Magic Kingdom ga masu ɗaki da masu tebur, saboda masu zuwa kallon wasan wuta. Tunda Yuli za ku je, ki duba ko kwanakinku sun faɗa kan 3 ko 4 ga wata. A ƙarshen shekara ma falon Grand Floridian kan cika maƙil da masu zuwa ganin kayan adon Kirsimeti. Kamfanin yana sauya waɗannan tsare-tsare ba tare da dogon shela ba, saboda haka maganar ma'aikacin da ke gabanku a ranar ta fi tawa. In ya ce yau ba a shiga, ku ce mun gode ku juya, ba shi ya kafa dokar ba.

Kuma kada a ɗauki hukuncin Disney na Orlando a kai shi ko'ina. A wuraren wasa na kamfanin Universal da ke Orlando, manyan otal irin su Portofino Bay da Hard Rock da Royal Pacific su ma suna karɓar masu zuwa cin abinci, ana zuwa ta jirgin ruwa ko a ƙafa daga CityWalk, wurinsu na shaguna da gidajen abinci, amma fakin a can na kuɗi ne. A Disneyland ta Kalifoniya, otal ɗin Grand Californian yana da ƙofarsa ta shiga wurin wasa kai tsaye, kuma an yi ta ne don masu ɗaki, ba don mai neman gajeriyar hanya ba.

In wani ma'aikaci ya tambaye ku ko nan kuka sauka, ku faɗi gaskiya: a'a, daga Magic Kingdom muka fito mu ɗan huta mu sha wani abu. Amsa ce da suke ji kullum, kuma yawanci abin da zai biyo baya shi ne ya nuna muku inda ake sayar da kofi. Shi kuma maigida, ki ce masa ku fara da Contemporary ranar farko. Bene na huɗu, inda jirgi ke ratsawa, cike yake da shaguna da wurin cin abinci da mutanen da ba nan suka sauka ba, ga kujeru a Contempo Café da za ku zauna bayan kun yi oda. Ku fito daga wurin wasa wajen ƙarfe ɗaya, ku ci abinci, ku yi salla, ku bar hadari ya wuce, ku koma wajen ƙarfe huɗu. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.